Harsuna Dabam-Dabam, Akushi Ɗaya: Haɗin Kan Ƙabilu a Cikin Ikkilisiya

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu, tsohon hedimasta mai ritaya, ya gabatar a wurin taron shekara-shekara na ƙungiyarmu a makon Kirsimeti)

 'Yan'uwanmu Musulmi da ke cikin wannan ƙungiya, muna yi muku gaisuwa ta musamman, muna kuma roƙo ku yi mana haƙuri, domin yau maganar cikin gida ta ikkilisiya za mu yi. Amma da yake garin namu ne duka, abin da ya taɓa hanci, ido ne ke yin ruwa.

Gabatarwa

Sa'ad da kwamitin shirya taro ya aiko mana da takarda cewa mu yi magana a kan haɗin kan ƙabilu a cikin ikkilisiya, mun ɗan yi jinkiri kafin mu amsa. Mu ba fastoci ba ne, ba mu kuma yi karatun tauhidi ba. Abin da muka sani shi ne alli da allo da rajistar yara, waɗanda muka riƙe shekara 35 kafin gwamnati ta sallame mu. Amma da muka tuna cewa da yawa daga cikin masu riƙe da ragamar ikkilisiyoyinmu a yau, a gida da birni, sun taɓa zama a gabanmu a kan benci, sai muka ga ba mu da hujjar yin shiru. Malami yakan yi ritaya daga albashi, amma ba ya yin ritaya daga faɗa wa ɗalibinsa gaskiya.

Wani zai iya tambaya, me ya kawo maganar ikkilisiya cikin taron ci gaban gari? Amsar a fili take. Mutanen da suke zama a majalisar ikkilisiya ranar Asabar, su ne suke zama a taron reshe ranar Lahadi da yamma. Idan sun ɓata a can, ba za su shirya a nan ba. Duk mun san yadda gudummawar ginin ɗakin haihuwa ta ja baya, mun kuma san cewa ba talauci kaɗai ya ja ta baya ba. Akwai waɗanda suka noƙe hannu saboda ma'ajin kwamitin ba "nasu" ba ne, wannan magana ta "namu" da "nasu" kuwa daga wurin zaɓen dattawan ikkilisiya ta taso. Har yanzu idan naƙuda ta yi gardama da tsakar dare, a kan babur ake ɗaukar 'ya'yanmu mata zuwa asibitin wani gari. Ashe kuwa maganar ta wuce bangon majami'a.

Abu guda muke so mu kafa a wannan jawabi. A wurin rabo ake gane haɗin kai: rabon abinci, rabon muƙami, rabon lokacin waƙa, da rabon ɗawainiyar biki da ta makoki. Ikkilisiyar da ta gyara rabonta ta gyara zumuncinta, wadda kuwa ta bar rabonta a karkace, ko kowace Lahadi ana wa'azin ƙauna, wata rana za ta tsage.

Yadda Bishara Ta Same Mu

Kafin mu ɗora wa kowa laifi, ya kamata mu san yadda abin ya faro. Bishara ba ta shigo ƙasashenmu ta ƙofa ɗaya ba. Mutanen mishan ɗin SIM, waɗanda suka fara gwada shigowa tun 1893, sun kafa tasharsu ta farko a Patigi a 1902, daga baya suka bazu zuwa ƙasashen Jaba da Kagoro da Tangale da Miyango. A 1904 Dokta Karl Kumm da abokan tafiyarsa uku na mishan ɗin SUM suka hauro ta kogin Binuwai suka sauka a Wase. A 1913 Dokta Bronnum, mutumin Denmak, ya sauka a Numan cikin ƙasar Bachama. A 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida, cikin ƙasar Bura. Da yake ma'aikata kaɗan ne, ƙasa kuwa ga ta da faɗi, sai mishan-mishan ɗin suka yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa kowa ya tsaya a yankinsa, kada wani ya shiga gonar wani.

Niyyar mai kyau ce, amma ta bar mana gado mai nauyi. Da yake kowane yanki yana da ƙabilunsa, sai ɗariƙa ta zama tamkar tsagar fuska. Idan mutum ya ce shi ɗan Lutheran ne, sai hankali ya tafi Adamawa. Idan ya ce shi ɗan EYN ne, sai a fara tunanin Bura ko Margi ko Higi. Idan ya ce NKST, kowa ya san mutumin Tibi ne. Kaɗan ne daga cikinmu suka zauna suka yi nazarin koyarwar ɗariƙu kafin su zaɓi guda. Mun tashi ne muka tarar da ɗariƙarmu a ƙofar gida kamar yadda muka tarar da harshenmu. Saboda haka, sau da yawa idan muna ɗaga murya muna kare "ikkilisiyarmu", in za mu binciki zukatanmu da kyau, ƙabilarmu muke karewa.

Abin Da Iyayenmu Suka Yi Da Wannan Gado

Sai dai iyayenmu ba su rungume hannu suka zuba ido ba. Akwai abubuwa uku da suka yi waɗanda ya kamata matasa su sani.

Na farko, sun karɓi harshe ɗaya ya zama gada a tsakaninsu. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya daɗe a Zariya, ya taka babbar rawa a cikinsa. Akasarin iyayenmu ba da Hausa aka goya su ba, waɗansunsu ma suna ɗauke da labarai masu ɗaci na zamanin hare-haren kamun bayi, wanda ya sa kakanninsu suka haye kan duwatsu. Duk da haka suka ɗauki harshen, suka koyi karatu da shi, suka yi addu'a da shi, suka raira waƙa da shi. Ta haka mutumin kan dutse da mutumin kwari, waɗanda a da ba su haɗuwa sai da kwari da baka, suka zauna a benci ɗaya suka buɗe shafi ɗaya.

Na biyu, sun yarda 'ya'yansu su yi karatu tare. A 1934 aka buɗe makarantar horarwa ta Gindiri, a 1938 kuma aka naɗa fastoci uku na farko na ikkilisiyar da a yau ake kira COCIN: Toma Tok Bot, Bali Falang da David Lot. Ku lura da kyau, ɗaya Birom ne, ɗaya Tarok ne, ɗaya Mwaghavul ne. Tun daga tushe, murhun a kan duwatsu uku aka ɗora shi. Mu da muka shiga kwalejin horar da malamai ta Gindiri a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da shirin UPE na 1976 ya sa ana neman malamai ruwa a jallo, mun ɗanɗana wannan da bakinmu. Ɗakin kwana ɗaya, layin abinci ɗaya, aikin makaranta ɗaya, da Angas da Ron da Sayawa da Mada da Jarawa. A can muka gane cewa labaran da aka ba mu a gida, wai waɗannan mayu ne, waɗancan ba su da amana, su ma irinsu aka ba su game da mu. Dare ɗaya na hira da dariya ya rushe abin da aka yi shekaru ana ginawa a zukatanmu. Har yau idan aka yi mana rasuwa, abokan wancan ɗakin kwana suna cikin masu fara isowa.

Na uku, sun ɗaure ikkilisiyoyinsu da igiyar tarayya. A 1954 ikkilisiyoyin SIM suka haɗu suka zama ECWA. A 1955 aka taru a Randa aka kafa tarayyar da a yau muke kira TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya. Abin da ya fi shafar ku mazauna birni kuwa shi ne abin da ya faru a Kaduna. Sa'ad da aikin gwamnati da na jirgin ƙasa da na masaƙa da na 'yan sanda ya tara 'ya'yan waɗannan ikkilisiyoyi a babban birnin Arewa, ba su ce kowa ya je ya kafa tasa rumfar ba. Sun haɗu suna sujada tare, daga nan ne HEKAN, wato Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, ta tsaya da ƙafafunta a 1962. Daga baya ne ɗariƙu suka bi 'ya'yansu birane, kowace ta kafa nata allon suna.

A nan gida ma, dattawan da ke zaune a gabanmu shaidu ne cewa majami'armu ta farko da gayya aka gina ta. Wata unguwa ta buga tubali, wata ta sāro azara, wata ta yanko ciyawa, mata kuwa suka yi ta jido ruwa daga rafi. Babu wanda ya rubuta sunan ƙabilarsa a jikin bango, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Inda Bango Ya Tsage

To, kada mu ruɗi kanmu cewa wanda aka yi wa baftisma ya warke daga ƙabilanci. Tarihi bai nuna haka ba. Aikin bishara da Johanna Veenstra ta yi tun farkon shekarun 1920 a Lupwe, kusa da Takum, ya haifi ikkilisiya guda wadda ta haɗa Jukun da Kuteb da Chamba da sauransu. A 1973 wannan ikkilisiya ta rabu biyu, maganar ƙabila tana cikin abin da ya raba ta, kuma sai a 2003 ne shugabannin ɓangarorin biyu suka taru a Takum suka yi sulhu a bainar jama'a. Muna yaba musu ƙwarai da wannan sulhu, amma ku ƙidaya: shekara 30 ke nan, yaron da aka haifa ranar rabuwa ya yi aure ya haihu kafin ranar shiri. A nan Filato, rikicin ƙasa da ya tashi tsakanin mutanen Mangu da na Bokkos a shekarun 1990 ya haɗa mutanen da akasarinsu littafin waƙoƙi ɗaya suke riƙewa ranar Lahadi. Idan muka leƙa waje kuma, ƙasar Ruwanda, wadda mafi yawan jama'arta Kirista ne, ta yi asarar mutane wajen 800,000 cikin kwana 100 a 1994, an kuma kashe da yawa a cikin majami'un da suka gudu neman mafaka, kamar na Ntarama da Nyamata. Ba don mu tsoratar da kowa muka ambaci waɗannan ba, sai don mu tuna cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Tsagewar kuwa ba da ƙara take farawa ba. Bari mu ba ku labarin abin da muka gani da idanunmu. An taɓa gayyatar mu, mu da waɗansu dattawa, mu je sulhu a wata ikkilisiya a ɗaya daga cikin biranen da kuke zaune. Ba za mu faɗi sunanta ba. Da muka isa, kowane ɓangare ya zo da tulin takardu a kan zaɓen dattawa, wannan ya ce an yi maguɗi, wancan ya ce an ƙi bin tsarin mulki. Muka yi kwana biyu muna sauraro, ba mu ga bakin zaren ba, sai da wata tsohuwa daga Zumuntar Mata ta nemi izini ta yi magana. Ta ce asalin abin gawa ce. Wani ɗan ikkilisiya daga ƙabilar da ta fi yawa ya rasu, aka ɗebi kuɗi daga asusu aka yi hayar motoci, ƙungiyar mawaƙa da dattawa suka raka shi har ƙauyensu. Ba a daɗe ba wani ya rasu, mutumin da ya yi shekaru yana share majami'ar, amma ƙabilarsa ba ta kai gida goma ba a wurin. Aka sanar daga bagade, aka yi addu'a, aka sa kuɗi kaɗan a ambulan. Matarsa da 'ya'yansa da mutum biyu suka tafi da shi a bayan a-kori-kura. Gwauruwar ba ta ce uffan ba, amma 'yan'uwanta da sauran ƙananan ƙabilu sun ƙidaya motoci.

Da lokacin zaɓe ya zo, sai aka fara taron dare, kowace ƙabila a gidan babbanta, ana rubuta sunaye. Sulhunmu bai yi nasara ba, domin mun zo a makare. Ikkilisiyar ta rabu, aka sami majami'u biyu a layi ɗaya, ɗaya ba rufi, ɗaya ba tagogi, yaran da suka tashi a makarantar Lahadi ɗaya suna wuce juna ba gaisuwa. Kafin mu taso mun tambayi ɓangarorin biyu ko akwai aya guda ta koyarwa da suka saɓa a kanta. Babu ko ɗaya.

Abin Da Littafi Mai Tsarki Ya Nuna Mana

Abin mamaki shi ne, irin wannan matsala ce ta fara girgiza ikkilisiya ta farko a Urushalima, kamar yadda aka ba da labari a Ayyukan Manzanni sura ta 6. Masu bi Yahudawa iri biyu ne a lokacin, masu jin Helenanci da 'yan ƙasa masu harshen gida. Masu Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata a wurin rabon abinci na kullum. Mu duba abin da manzanni suka yi. Ba su ce masu ƙorafi 'yan tawaye ba ne, ba su kuma ce a yi haƙuri a bar wa Allah ba. Sun tara jama'a, suka sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida aka danƙa musu aikin rabon. Idan ka karanta sunayen mutanen bakwai, daga Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, za ka tarar duka sunayen Helenanci ne. Wato jama'a sun ɗauki ludayin suka miƙa wa ɓangaren da ya yi kuka. Bayan haka ne labarin ya ce maganar Allah ta ƙara yaɗuwa. Wannan darasi ne ga duk ƙabilar da ta fi yawa a kowace ikkilisiya. Mai yawa ba ya bukatar ya nuna ƙarfinsa, kowa ya san yana da shi. Girmansa shi ne ya tashi daga kujera da kansa ya ce wa ƙaninsa, zo ka zauna.

Darasi na biyu yana cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa sura ta 2, shi kuwa naku ne, mazauna birni. Bitrus yana Antakiya yana cin abinci tare da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, babu wata damuwa. Ranar da baƙi suka zo daga Urushalima, sai ya janye jikinsa saboda tsoron abin da za su faɗa, har Barnaba ma ya bi sahunsa. Bulus kuwa ya tsawata masa a gaban kowa. Mu tambayi kanmu, sau nawa muke zaman lafiya da maƙwabcinmu na wata ƙabila, muna cin tuwo a gidansa, 'ya'yanmu suna kwana a ɗakinsa, amma da zarar mutanen gida sun zo, ko an kira taron ƙabila, sai murya ta canza? Idan babban manzo kamar Bitrus ya yi tuntuɓe a nan, babu wanda ya fi ƙarfin faɗuwa a cikinmu.

Maganar Harshe

Akwai wata matsala da ba za mu tsallake ba. A yau harsuna uku ne suke ja-in-ja a majami'unmu: harshen uwa, Hausa da Turanci. Waɗansu suna cewa a watsar da harsunan uwa domin su ne suke raba mu. Waɗansu suna cewa a watsar da Hausa domin ba namu ba ne. Matasa kuwa suna cewa duniya ta ci gaba, a koma Turanci a huta. Mu a namu gani, kowane ɗaya daga cikin ukun yana da aikinsa. A ranar Fentikos, abin al'ajibin shi ne kowa ya ji saƙon da harshen da aka haife shi a ciki, ba a tilasta wa kowa ya bar nasa ba. Shi ya sa muke murna da aikin fassarar Littafi Mai Tsarki cikin harsunanmu, wanda cibiyar fassara ta NBTT da ke Jos take yi tun 1976, muna kuma roƙon iyaye su koya wa 'ya'yansu harshen gida. Abin kunya ne jika ya zo Kirsimeti ya kasa gaishe da kakarsa sai da tafinta.

Amma harshe ɗaya yana iya zama ƙofa, yana kuma iya zama katanga. Idan ana tsakiyar taron majalisa sai mutum huɗu suka juya zuwa yarensu don kada sauran su ji, wannan katanga ce. Idan tsohuwa ta zo birni yi wa 'yarta wankan jego, ta zauna sa'a uku a sujadar Turanci ba ta ɗauki komai ba sai "amin", wannan ma katanga ce. Tun daga 2014, sa'ad da Boko Haram ta mamaye hedikwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi, har shugabanninta suka yi zaman gudun hijira a Jos, 'yan'uwa da yawa daga Arewa maso Gabas sun shigo unguwanninmu da majami'unmu. Da Hausa muka yi musu maraba, da Hausa suka ba mu labarin abin da ya same su. Gadar da iyayenmu suka gina har yanzu tana ɗaukar kaya, kada mu rushe ta don fushi.

Shawarwari

Saboda kada jawabin ya tsaya a kuka, ga shawarwarin da muke miƙa wa rassanmu da ikkilisiyoyin da muke ciki.

1. Kowace ikkilisiya ta rubuta ƙa'idar asusun jin ƙai, a karanta wa jama'a, a manna a allon sanarwa. Abin da za a yi wa ɗan ikkilisiya a rasuwa, ko rashin lafiya, ko haihuwa, ya zama iri ɗaya ga kowa, ko danginsa ɗari ne ko shi kaɗai ne.

2. A daina taron dare na ƙabila kafin zaɓen dattawa. Inda 'ya'yan garinmu suka fi yawa, su da kansu su kawo shawarar kada shugaba da sakatare da ma'aji su fito daga ƙabila ɗaya. A kuma riƙa karanta lissafin kuɗi a fili, domin zargi a cikin duhu yake girma.

3. Mu karɓi faston da aka turo mana, ko daga ina ya fito. Takardun koke da ake rubutawa don kawai fasto ba ɗan ƙasa ba ne, su tsaya haka nan. Da kakanninmu sun ƙi baƙo, da bishara ba ta iso mu ba.

4. A ba kowane harshe rabonsa a sujada, a kuma fassara abin da aka raira ko aka sanar. Mu yi koyi da Zumuntar Mata, waɗanda tun tuni suke koyon waƙoƙin juna, suna buga tulu ɗaya, ba tare da an kafa musu kwamiti ba.

5. Idan 'ya'yanmu suka kawo wanda suke so daga wata ƙabila, a bincika halinsa da bangaskiyarsa, kada a ninka masa sadaki don a kore shi. Gidajen da aka yi irin wannan aure su ne suke zama inuwar sulhu ranar da rikici ya tashi.

6. Kada a ba ɗan siyasa bagade ya raba mu. Zaɓe yana zuwa ya wuce, maƙwabci yana nan. Haka kuma duk saƙon da ke zagin wata ƙabila da ya shigo wayarka ta WhatsApp, ya mutu a hannunka, kada ka tura.

7. Kowane gida ya sa wa kansa cewa kafin taronmu na baɗi zai ziyarci gidan wani ɗan ikkilisiya wanda ba yarensu ɗaya ba, ya ci abincinsa, ya kuma gayyace shi nasa. Zumunci a ƙafa yake.

8. Daga ƙarshe, mu koma kan ginin ɗakin haihuwa. Wanda ya riƙe gudummawarsa saboda ma'aji, ya kawo ta, ya kuma nemi rasit. Jaririn da za a haifa a ɗakin ba zai tambayi ƙabilar wanda ya sayi kwanon rufi ba.

Kammalawa

Mai girma Shugaban taro, 'yan'uwa maza da mata, ba mu ce kowa ya manta asalinsa ba. Allah ne ya yi mu ƙabilu dabam-dabam, kuma wanda ya raina gidan ubansa ba zai iya girmama gidan wani ba. Ku yi rawarku ta gargajiya, ku sa tufafinku, ku kira 'ya'yanku da sunayen kakanninku. Amma ranar da muka zo Jibin Ubangiji, gurasa ɗaya ake gutsutsura mana, ba a tambayar kowa daga wane dutse ya sauko. Abin da muke roƙo shi ne, yadda ake rabo a wannan tebur, haka a riƙa yi a ofishin ma'aji, da wurin zaɓe, da gidan makoki.

Mu da muka kama hanyar saba'in, rana ta yi mana yamma. Iyayenmu ba su da digiri, waɗansunsu a ajin yaƙi da jahilci suka koyi haɗa baƙi, amma sun bar mana majami'a ɗaya da gari ɗaya. Ku da kuka yi karatu mai zurfi, kuna da motoci da wayoyi da gidaje a birni, me za ku bar wa naku 'ya'yan? Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma ba su taɓa raba baki ba. Idan akwai wanda kuka daina gaisawa da shi saboda zaɓe ko saboda yare, yana nan a cikin wannan rumfa. Za a kawo abinci nan ba da daɗewa ba. Ku neme shi, ku sa hannu a akushi ɗaya.

Allah ya ja zamanin Sarki. Allah ya albarkaci ikkilisiyarsa, ya albarkaci garinmu da ƙasarmu Nijeriya, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.